Dutsen Alam na Cikin Akwatinki

Gyadi-Gyadi, Kano

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake na san lafiyarki ƙalau, tunda bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma tun safe nake jin ki kina cika akwatin nan kina zazzagewa. Allah Ya tsare ki a tafiyar nan ta jibi, Ya tsare jirgin da matuƙinsa, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki.

Za ki yi mamakin uban da yake gida ɗaya da 'yarsa amma ya zauna rubuta mata wasiƙa. Bakina ne ba shi da tabbas. In na fara magana sai in ɓuge da tsokana, ke ki yi dariya, Innarki ta ce tuwo zai huce, a watse ban faɗi abin da ya tara mu ba. Da niyyata in cusa takardar a ƙasan kayanki, ki karanta kina can sama inda ba halin ki juyo ki kalli idona. Innarki ta ce wannan ragwanta ce, kuma gaskiyarta. Shi ya sa zan miƙa miki ita yau da sauran kwana biyu.

Ga maganar, ba kewaye-kewaye. Dutsen alam ɗin nan na cikin 'yar kwalba, wanda na ga kin naɗe da ɗankwali kin sa a kusurwar akwati, wanda kika ci gasar kimiyya da shi kina aji biyu na sakandare, ba ke kika yi shi ba. Ni na ɗauke naki na sa miki wani. Shekara goma sha biyu ke nan kina auna kanki da abin da ba aikinki ba ne, kina ganin kin gaza, ni kuwa ina kallo. Ba zan bari ki hau jirgi da wannan nauyin ba, ko da hakan zai sa in zube a idonki. Kar ki taso tukuna, ki ƙarasa karantawa. Zan fara da wasu kurakuran, don ki san wane irin mutum ne ya yi wannan aika-aika, kuma kowanne akwai guzurin da za ki ɗauka a ciki.

Ranar da takardar gurbin karatun nan ta iso, na ce ki zauna ki yi mini bayani da Hausa, don in 'yan majalisarmu ta ƙofar gida sun tambaye ni abin da za ki je yi kar in tsaya ina inda-inda. Kika ce hanya biyu ce ake yin ƙaramin abu. Ko dai a ɗauko babba a yi ta sassaƙa, yadda masassaƙi ke fitar da turmi daga gungume, ko a tattaro ƙanana a gina. Kika ce girman da ku kuke aiki a kai, wanda kuke ce wa nano, sai an tsaga kaurin gashi ɗaya gida dubu-dubai kafin a kai wurin, don haka babu yatsa ko hantsakin da zai kama. Abin da ya rage shi ne a zaɓi ƙwayoyin da suka dace, a gyara musu ruwa da zafi da tsabta, a ja da baya, su jera kansu da kansu. Na ce wa ke gaya musu inda za su tsaya? Kika ce siffarsu ce. Kowace ƙwaya tana da gefen da ke jan 'yar'uwarta da gefen da ke ture ta, sai su yi ta juyi har su faɗa zaman da ya fi musu sauƙi. Na ji daɗi a raina, domin shekara ashirin da takwas na yi a ɗakin gwaji na makarantarku ta Tarauni ina wanke kwalabe ina jiƙa alam, ban san aikin yana da suna ba, balle a ce har jirgi ake hawa dominsa.

Kuskurena na farko raini ne. Lokacin kina goye, Innarki ta ce tana son koyon sabulu a wurin Maman Bitrus, maƙwabciyarmu mutuniyar Kudancin Kaduna, wadda har yau layin nan da sabulunta ake wanki. A wancan makon kuwa Malam Yohanna, malamin kemistiri ɗan Filato da na yi wa aiki kusan duk rayuwata, ya koyar da darasin sabulu ina tsaye a bayan aji. Ya ce kowace ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da jela mai gudunsa. Da an zuba su a ruwa sai su dunƙule, jela a ciki, kai a waje, maiƙon da ke jikin tufa ya shige tsakiya, ruwa ya tafi da shi. Ba mai yi musu umarni, su suke shirya kansu haka. Ai kuwa na dawo gida kaina ya kumbura. Na zo da ma'auni da littafi, har da farar rigar aiki na sa a tsakar gida, na ce yau za a yi sabulu irin na masu ilimi.

Maman Bitrus ta kalli sodar da na auna, ta ce, "Baban Ummi, wannan ta yi yawa."

Na ce littafi ne ya faɗa.

Ta ce, "To, littafin ne zai yi wankin?"

Ban saurare ta ba. Da sabulun ya daskare ta ɗan taɓa shi a harshe, ta tofar, ta ce kar a yi amfani da shi. Na yi mata dariya, wai harshe ya zama ma'auni. Innarki don kar ta kunyata ni ta yi wanki da shi, ya saɓule mata fatar hannu, mako biyu ni nake ɗebo ruwa ina wanke kwanuka, 'yan layi suna leƙe. Ashe lissafin littafin na wani mai ne daban, ba na alayyadin da muka yi aiki da shi ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Can inda za ki, za ki tarar da masu wanke kwalabe da masu gyaran na'ura, waɗanda ba a sa sunansu a takarda. Ki gaishe su da safe, ki san sunan kowa. In ɗayansu ya ce miki abin nan ya yi yawa, ki tsaya ki sake aunawa kafin ki buɗe littafi.

Na biyu ƙazanta ce, da shirun da ya biyo bayanta. Malam Yohanna yana da wani gwaji da yake ji da shi. A cika faranti da ruwa, a barbaɗa hoda a sama, a ɗiga ɗan mitsitsin mai a tsakiya. Nan take man zai bazu ya ture hodar, ya yi da'ira fes, domin ƙwayoyinsa sun miƙe tsaye kafaɗa da kafaɗa, kai a ruwa jela a sama, shimfiɗa ɗaya tak. Da faɗin da'irar ake lissafa tsawon ƙwayar da ido bai taɓa gani ba. Ran nan masu duba makarantu suka zo, ya ce in shirya masa faranti. Na wanke da garin sabulu, na ɗauraye sau ɗaya saboda ina saurin zuwa cin ƙosai, na goge da gefen rigata. Ya ɗiga mai, mai ya tsaya tsuru a wuri ɗaya. Ya sake, haka. Sabulun da na bari ya riga ya mamaye saman ruwan, bai bar wa man wuri ba. Yara suka fara ƙus-ƙus, baƙi suna rubutu, bawan Allah yana share gumi yana cewa wataƙila man ne ya tsufa. Ina tsaye a gefensa na san komai, ban ce uffan ba.

Ki wanke kayan aikinki da hannunki, ki ɗauraye sau uku, na ƙarshe da tataccen ruwa. A girman da za ki yi aiki, shatin yatsa ma datti ne babba. Amma wanda ya fi wannan, in abu ya lalace ta dalilinki, ki faɗa a ranar, tun yana ɗanye. Ni na ce zan faɗa gobe, gobe ta zama wata, har abin ya yi tauri a bakina. Daga wannan rana na koyi cewa ana iya yin shiru a kwana lafiya, kuma wannan mugun darasin shi ya kai ni ga abin da na yi miki.

Na uku gaggawa. Mu da muka yi yawancin aikinmu a ƙarƙashin soja mun saba a ce a yi abu yanzu-yanzu, kuma a yi. Wata rana aka ce ana son duwatsun alam don jarrabawar gwaji, kwana biyu suka rage. Na ce ai da sauƙi. Tunda sanyi ne ke fitar da alam daga ruwa, bari in ba shi sanyin gaba ɗaya. Na ɗauki kwalbar da zafinta na kai wa mai sayar da ƙanƙara a bakin ƙofar makaranta, na ce ya binne mini ita a cikin kularsa. Bayan awa biyu na dawo ina taƙama, na tarar da farin gari kwance a gindin kwalba kamar an zuba gishiri. Malam Yohanna ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya nutsu ya ce, "Malam Garba, kai da kake zuwa Juma'a ai bai kamata ka yi wannan ba. Ina kallonku ta tagar gidana. Ba mai kama kowa ya ajiye shi a sahu. Mutum ya zo ya tsaya, ya dubi kafaɗar na kusa da shi, in bai daidaita ba ya ɗan matsa. To ka ce a kabbara kowa ya daskare inda ƙafarsa ta faɗa, ka ga irin sahun da za a samu."

Ya ce haka ƙwayoyin suke. Riƙon da suke yi wa juna ba mai ƙarfi ba ne, kuma wannan rashin ƙarfin shi ne amfaninsa. Wadda ta zauna ba daidai ba za ta iya saki ta tashi ta sake zama. In aka ba su lokaci, da kansu suke gyara kuskurensu. In aka matsa musu, kowace ta maƙale inda take, a sami tarkace. Na ga ke ma kin rubuta kusan haka a takardun da kika bari a kan tabarma, sai dai naki da Turanci mai wuya. To ki riƙe shi a aiki. Za a matsa miki a can, za ki ga wasu sun riga ki fitar da sakamako. Sauri ya haifi nawa. Kuma kar ki ƙanƙame ra'ayinki na farko don kawai naki ne. In gwaji ya nuna kin zauna ba daidai ba, ki tashi ki sake wuri, ba abin kunya ba ne. Ki kuma rubuta ranar da abu ya lalace da kyau kamar ranar da ya yi, har da yanayin gari, domin na sha ganin kwalba ɗaya ta yi hali biyu tsakanin bazara da damina.

Yanzu ga babban.

Kina da shekara goma sha uku aka ce za a yi gasar kimiyya ta makarantu, wani babba mai kaki zai zo raba kyauta. Kika ce ke dutsen alam za ki yi. Ina tsaye kika yi komai da hannunki. Kika narka alam a ruwan zafi har ya ƙi karɓa, kika tace da ƙyalle, washegari kika zaɓi 'yar ƙwaya mafi kyau a gindin kofi, kika ɗaure ta da zare kina cije leɓe, kika rataya a jikin fensir cikin kwalba, kika rufe da takarda. Malam Yohanna ya duba ya ce babu gyara. Ya sa a kabad na ƙasa, ya ce mako uku kar wanda ya buɗe, har ke. Ya ba ni makulli, don zai je gida Filato jana'izar yayansa.

Kin cika alkawari, ko kusa da kabad ɗin ba ki je ba. Ni ne na kasa. Kullum da an tashi sai in buɗe, in ɗauko kwalbar, in kai ta taga, in ɗaga takardar in leƙa, har in ɗan kaɗa in ga ko ya ƙara nauyi. Na san sarai ba a yi. Ni da nake korar yara daga wurin da tsawa. Amma na 'yata ne, zuciyata ta ƙi zama. Ƙura ta shiga, girgiza ta yi aikinta, sai ƙananan ƙwayoyi suka tsiro a jikin zaren da jikin naki, kowace tana jan alam wajenta. Ana saura kwana uku na san na ɓata miki aiki.

Da a ranar na kira ki na ce Ummi, ga abin da na yi, da kin yi kuka kin share hawaye, an wuce wurin. Sai na tuna a can ƙuryar kabad na sama akwai wani dutse a naɗe cikin auduga, wanda Malam Yohanna ya yi shekarun baya. Girman goro, fuska takwas, tsini sama tsini ƙasa, garau da shi. Ranar gasa na yi sammako bayan asuba, na cire naki, na rataya nasa. Da kika zo da farin hijabinki na ɗaga takardar, kika dafe baki, kika juyo kika ce, "Baba, ni na yi wannan?" Na ce, "Ke kika yi." Kalma uku ke nan, kuma ban taɓa faɗin abin da ya fi su muni ba.

Malam Yohanna ya sauka daga mota kai tsaye ya wuce zauren gasa. Ya ɗauki dutsen ya juya shi a haske. Akwai ɗan hazo a cikinsa ta gefe ɗaya, tabon wani mako da zafi ya sauya masa. Ya dubi hazon, ya dube ni, ya ajiye, ya tafa miki tare da kowa. Da yamma ina jera kwalabe ya shigo ya ce, "Malam Garba, yarinyar nan ba ta buƙatar wannan." Bai ƙara ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Sai dai daga ranar makullin kabad a aljihunsa yake kwana, har muka yi ritaya.

Na yi ta gaya wa kaina ai alheri na yi, tunda ga shi kin kama kimiyya hannu bibbiyu. Ƙarya nake. Kina shekara ta biyu a jami'a kika ce za ki maimaita shi. Sau huɗu kina yi, kowanne mako uku, kowanne bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Kika dawo hutu kika jera su kusa da babban a kan tabarmar zaure, kika ce, "Baba, hannuna ya mutu. Abin da na yi ina yarinya ya gagare ni da girmana." Na ce miki ruwan famfon can ne ba kyau. Ranar da takardar tafiyar nan ta zo kuma, ina alwala na ji kina ce wa Innarki wataƙila kuskure suka yi, wai yarinyar nan mai shekara sha uku suke nema, ita kuwa ta daɗe da tafiya. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji tsoro kuma, don na ga ƙaryata tana shirin hana ki abin da kika samu da guminki.

Makon jiya na hau acaɓa na tafi Daurawa wurin Malam Yohanna. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma bakin yana nan. Na durƙusa na ce na zo neman gafara kan abu biyu, faranti da dutse. Ya ce na faranti tun a ranar ya sani, ƙanshin sabulu har hancinsa. Na dutse kuwa ya ce ba shi zan roƙa ba. Na tambaye shi kwana nawa ya ɗauka yana yin nasa.

Ya ce, "Zangon karatu biyu cur. Kullum ina tace ruwan, ina canja kwalba. Kafin shi waɗanda na zubar sun fi goma."

Na ce, "Ita kuwa mako uku take ba nata, tana cewa hannunta ya mutu."

Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ta kawo mini su na gani. Na ukun nan babu hazo ko ɗigo a cikinsa, ni ban taɓa yin mai tsabtarsa ba. Na gaya mata, ta ɗauka lallashi ne. Sau biyu ina buɗe baki in faɗa mata sauran, in tuna ba ni ne ubanta ba. Ka je ka faɗa mata, Garba, tun kafin in riga ka."

To kin ji. Babu mahalukin da zai yi dutse kamar goro mai wannan kyan a mako uku cikin kwalba ɗaya ba tare da an taɓa canja ruwa ba. Yarinyar da kike ganin ta fi ki ba a taɓa haihuwarta ba. Wadda take akwai ita ce wadda ta yi abu sau huɗu yana ƙin yi mata yadda take so, ba ta ƙara masa komai ba, ba ta ɓoye ba, ta kawo shi zaure ta jera a gaban mutane. Ni a wannan aikin na tsufa, na ga ɗalibai sun fi a ƙirga, kuma ina gaya miki da gaba gaɗi cewa wannan halin shi ake nema, ya fi hannu mai sa'a. Ba daga wurina kika gado shi ba, na Innarki ne.

Na san kin ba da labarin dutsen a takardar da kika rubuta wa farfesan da zai karɓe ki. In kin isa kin huta, ki same shi ki gaya masa yadda abin yake. Ki ce ubanki ne ya yi, ki faɗi sunana, ba na jin tsoro. Ba don tatsuniyar aji biyu suka ɗauke ki ba. Sun ga sakamakonki, sun karanta aikinki na ƙarshe a kan ƙwayoyin sabulu, wanda kika yi wata shida kina yi ana ɗauke wuta kina sakewa. In mutumin kirki ne zai ƙara yarda da duk lambar da za ki kawo masa nan gaba. In kuwa ya canja miki fuska a kan wannan, kin san da wanda kike zaune tun da wuri. Shi kuma dutsen, ki tafi da shi ko ki mayar wa mai shi a Daurawa, wannan ya rage naki.

Sauran 'yan ƙananan abubuwa. Za su tambaye ki labarin ƙasarki, tunda sun ji sojoji sun koma bariki an yi zaɓe. A majalisarmu kullum gardamar ke nan, Alhaji mai shago ya ce farar hula ba za su kai shekara ba, ni in ce za su kai. Ki faɗi abin da kika sani, wanda ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba. Kar ki zagi gida don a yi miki murmushi, kar kuma ki yi masa kwalliyar da ba shi da ita. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da rana ta ƙi fitowa. Ki ci abinci, na san ki, in kika sa kai a aiki sai a yi la'asar ba ki karya ba. Kuka da daddawar da Innarki ta ƙulla miki ki nuna su a filin jirgi in an tambaya, kar ki ɓoye. Safar hannu da tabarau na ɗakin gwaji kuwa ba ado ba ne, dubi tabon da ke bayan hannuna na hagu in kina shakka.

Sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa ban taɓa iya ɗaga miki murya ba. Ita in na yi laifi ba ta duka, sai ta ce in zauna in faɗa da bakina daga farko har ƙarshe. Ga shi na faɗa. Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya yanzu ba, ki tafi da fushinki, haƙƙinki ne, ba zai rage komai a addu'ar da nake miki ba.

Saura abu ɗaya, shi ya fi yi mini nauyi. Za ki tambaye ni ina naki. Babu shi, Ummi. A safiyar gasar na jefa shi a kwatar ɗakin gwaji na sake masa famfo, alam kuwa ba ya gardama da ruwa. Amma kafin in jefa na riƙe shi a tafin hannuna. Guda bakwai ne ko takwas manne da juna, cunkus, babbansu bai kai ƙwayar wake ba. Ta gefe ɗaya, inda ƙurar ba ta kai ba, akwai fuska guda sumul mai kusurwa uku, daidai yadda littafi ya zana. Shi ne aikinki na farko a duniya, ni kaɗai na gan shi, ke ko sau ɗaya ban bari kin gani ba. Wannan ba ni da yadda zan mayar miki.

Don haka ga roƙona. Kin ce a can akwai na'urar da ke ɗaukar hoton waɗannan ƙwayoyi bayan sun jera kansu. Ki aiko mini da hoton farko. Ban ce wanda ya fi kyau ba, wanda za ki nuna wa farfesa. Na farkon nake so, ko da ya fito a hargitse, ko da tarkace ne. Zan sa shi a gilashi in rataye a zaure, duk wanda ya shigo ya tambaya in ce masa Ummi ce ta yi, in faɗa sau ɗaya a rayuwata da bakin da babu ƙarya a cikinsa.

Innarki tana gaishe ki, ko da yake ga ta nan tana leƙen abin da nake rubutawa. Maman Bitrus ta ce ki biya ki karɓi sabulu kafin ki tafi, wai na can ba ya kumfa. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na sanyi da na abin da za ki riƙa taɓawa a kwalba. Allah Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya dawo mana da ke muna raye. In kuwa ba mu kai ba, Ya haɗa mu a inda babu rabuwa. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Garba